Shuɗin Kofin Sudie

Ina cikin gyara masa robar injin iskar numfashi da ke hancinsa muka ji hayaniyar yara a baranda.

"Verlene, su wane ne?" in ji Malam Gandy.

"'Yan ajinka ne. Kwanta abinka, kada ka fara min."

Shinge ɗaya ya raba gidana da na Cleophus Gandy a ɗan garinmu na jihar Jojiya, a Amurka. Tun yana saurayi yake koyar da tarihin Amurka a sakandare, har ciwon huhu ya kayar da shi. Ba mata, ba ɗa, sai jinyar ta faɗo kaina, ni da na ƙare ƙuruciyata ina zaginsa a kan karensa mai korar min kaji.

Da can, in ya kai darasin bauta, rufe littafi yake yi ya kwashi ajin zuwa kurmin bayan tsohuwar gonar auduga, inda aka binne bayi. Ba suna a kan kabari ko ɗaya. Dutse ne kawai, sai fasasshen kofi ko kwanon da mamacin ya yi amfani da shi a ƙarshe, haka mutanenmu baƙar fata suke yi. Sai wasu iyaye suka kai ƙara wai ana sa 'ya'yansu jin kunyar kakanninsu da suka mallaki bayi, makaranta ta hana. Ya ci gaba da zuwa shi kaɗai har ƙafa ta ƙi.

A cikin duwatsun akwai na Sudie, kakar kakarsa. Da ciwo ya yi tsanani ya sa ni na rantse. "Kusa da ita za ki sa ni. Fasto ya sani, mai filin ya yarda. Ki nemi shuɗin kofi a gindin dutse, ba za ki ɓata ba." Na ce to. Ni da gwiwoyin nan nawa ban taɓa shiga kurmin ba.

Yaran suka cika ɗakin, takalma duk laka a kan dardumar da na share. Renita ce a gaba, 'yar mai gidan aski, baki har kunne.

"Malam, albishirinka! Mun ji kana son wurin nan, shi ne ran Asabar muka je mu duka. Baban Colton ɗan ajinmu ya ara mana injin yanke ciyawa. Kai, Malam, ka ga shara? Fasassun kwanoni, kofuna, kwalabe, buhu-buhu muka cika! Duwatsun ma sun hana injin wucewa, sai muka kwashe su muka jera a gefe."

Ta kai masa waya dab da fuska. Na leƙa ta kafaɗarta. Fili fes kamar na ƙwallo, ga 'yar tuta an kafa, ga allo da sunansa da jan fenti.

Wallahi na buɗe baki zan wanke su tas, sai na ji hannunsa ya riƙe min wuyan hannu. Mutumin da cokali ke gagara, amma riƙon nan sai da ya yi min zafi.

Ya daɗe yana kallon hoton. "Buhunan fa?"

"Motar shara ta kwashe tun Litinin, Malam. Ba mu bar ko ɓallin kwano ba."

"Kun sha aiki," ya ce. "Sannunku. Verlene, ba su shayi mai ƙanƙara."

Na ba su. Suka sha, suka ci gurasar masarata, suka tafi suna murna.

"Me ya sa ka hana ni?" na ce da shi. "Da ka bar ni na ci musu mutunci, 'yan banzan yara!"

"Me suka sani? A wane aji aka gaya musu?" Ya tsaya numfashi ya dawo. "Ajina ne, Verlene. Fita aka hana ni, amma da aka tsorata ni, ko a cikin aji ban ƙara ɗaga maganar ba."

Ya juya fuska bango. Daga ranar bai ƙara karɓar abinci ba, sai ruwa a farin kofinsa mai tsagaggen baki. Ran Alhamis da safe na shigo da tawul zan goge masa jiki, na tarar injin iskar yana ta huci shi kaɗai. Na zauna a bakin gadon na yi kuka, na zage shi, na sake yin kuka.

Washegari Fasto ya kai ni filin a motarsa, da mai haƙa kabari.

"Mama Verlene, ina za mu haƙa?" in ji Fasto.

Na dogara sanda na zaga. Ciyawar duk iri ɗaya. Na duba tarin duwatsun, su ma duk iri ɗaya. A ƙarshe na nuna wani wuri kusa da bishiya, don kawai akwai inuwa. Har yau ban sani ba ko kusa da Sudie na sa shi, ko a kan wani bawan Allah.

Ranar jana'iza ajin duka suka zo da fararen riguna, suka yi waƙa, Renita tana kuka kamar ranta zai fita. Da aka gama mai da ƙasa na ciro farin kofin daga jakata, na buga shi a dutse, na zuba gutsattsarin a kan kabarin.

Renita ta share hawaye ta durƙusa da sauri. "Ayya, Mama, ya fashe? Bari in kwashe, kada ya yanki wani."

Na riƙe mata wuyan hannu. "Bar shi nan."

Ta ɗago ta dube ni. Ta dubi ɓallin kofin da ke tafin hannunta, sannan a hankali ta juya wajen duwatsun da suka jera a bakin fili.