Akwatin da ke kan Dutsen Baba

"Abin da ka turo shi na sassaƙa," in ji Varpet Gurgen, masassaƙin dutse. "Ni ba na ƙari, ba na ragi."

"Akwati na turo maka?"

Ya miƙo mini tsohuwar wayarsa, garin dutse ya cike maɓallanta. Saƙona ne. Sunan Baba, Hmayak, da shekarar haihuwa, da ta rasuwa. A ƙasa ɗan akwati mai kusurwa huɗu, ba komai a ciki. Na ciro tawa. Saƙon ɗaya ne, amma a tawa arevakhach ne, alamar dawwama, da'irar nan mai lanƙwasassun fukafukai kamar tana juyawa.

Na dubi dutsen kabarin. Baƙin dutsen garin Gyumri, an goge shi sumul. Akwatin na nan ƙarƙashin sunan Baba, faɗin tafin hannu. Ranar Alhamis ce. Asabar Baba zai cika shekara da rasuwa, ranar za a kafa dutsen, an riga an gaya wa limamin coci da dangi.

Varpet ya ce ya zaci sabon yayi ne, tunda a watan jiya mota aka sa shi ya zana wa wani mamaci.

"Kai ne ka yi sakandare, Mher ɗana," ya ce. "Fassara mini."

Ban iya ba. Na kira yayata Shoghik a Krasnodar, don ita ta tsara rubutun. Ta ce mijinta ya ce waya ba ta aika zane, lamba take aikawa. Kowane harafi da lambarsa. Wayar da ta san lambar sai ta zana alamar, wadda ba ta sani ba sai ta ajiye akwati. Na ce to alamar tana ina lokacin da take kan hanya? Ta ce in bar shirme.

Varpet ya auna akwatin da yatsa. Ya ce da'irar za ta shiga ciki, akwatin ya zame mata gewaye, ba wanda zai gane. Amma sau ɗaya ne. In aka sake kuskure, dutsen ya tashi aiki.

"Dama za ta juya ko hagu?" ya tambaye ni.

Ban san biyu ba ne. Shoghik ta ce e, biyu ta gani a shafin da ta kwafo, lambobinsu na bin juna, ta ɗauki ta farko kawai. Varpet ya ce wasu na cewa dama ta masu rai ce, hagu ta waɗanda suka tafi. Wanda ya koya masa sana'a kuma akasin haka yake faɗa. Shi dai ya gama sassaƙa abin da waya ta ce.

Na je gida na tambayi Mama. Tana yanka ganye, ba ta ɗago ba. Ta ce a yi irin wadda ke ƙofar gidanmu. Baba mai walda ne, shi ya lanƙwasa ƙarfen ƙofar da hannunsa tun kafin a haife ni, ya sa alamar a tsakiya. Kullum ta nan nake wucewa. Ban taɓa kallonta ba.

Da la'asar Varpet ya zo da takarda da fensir. Muka tsaya a titi, muna kallon ƙofar.

"Dama ce," ya ce. "An gama."

"Hagu ce, Gurgen," in ji Mama daga tsakar gida. "Shekara talatin ina kallonta."

Na shiga na tsaya kusa da ita. Hagu. Na fito. Dama. Ƙarfe ne buɗaɗɗe, ana ganinsa ta fuska biyu. Ga bencin Baba a ciki ƙarƙashin inabi, inda yake shan kofi. Ga dutsen da yake zama a waje suna nardi, wasan nan mai kama da dara, da maƙwabta.

Varpet ya maƙala fensirin a kunne, ya dubi Mama, ya dube ni.

"To shi Hmayak ɗin, daga wane ɓangare yake kallonta?"