Wayar da Goggo Sinalei Ta Ɗauka

Sinalei tela ce a ƙauyen Fagasa, a wani tsibiri da ke tsakiyar teku, kuma ita ta raini Tauasa, ɗan ƙanenta, tun yana shekara huɗu, bayan uwarsa ta rasu, ubansa kuma ya bi jiragen kamun kifi. Ita ta ɗinka masa rigar makaranta ta farko, ita ce kuma ta riƙa ƙara yadi duk shekara, har ya kai sai ya karkata kafin ya shige ƙofar shagonta. Ƙwallon Amurka ya kai shi wata jami'a a Utah, inda ya yi shekara huɗu cikin ƙattan gaba, masu tare wa mai jefa ƙwallo abokan karawa. Yanzu watan Afrilu ya kama, manyan ƙungiyoyi za su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, kwana uku, zagaye bakwai. Wakilinsa ya so ya zauna tare da shi can Amurka su jira, Tauasa ya ce a'a, a gida zai ji sunansa.

Tun kafin ya iso, Sinalei ta ƙulla gaba da wani mai sharhi a talabijin. Mutumin ya ce yaron yana da ƙarfi, yana da kai, amma tsawon hannayensa ya gaza da rabin inci.

"Rabin inci!" in ji ta, tana nuna talabijin da almakashi. "Ni da nake auna hannun nan shekara goma sha takwas? Shi wannan mai wuya kamar na zakara, wa ya taɓa tarewa a rayuwarsa?"

Mijinta Penitito, direban bas ɗin da ke hawa dutse zuwa Pago Pago, babban garin tsibirin, ya ce, "Ki bar shi, uwargida, ba ya jin ki."

"Ai da yana ji da ya gyara."

Ranar Alhamis ba wanda ya sa rai, zagayen farko na 'yan gata ne. Juma'a kuwa, da tsakar rana, kusan duk ƙauyen ya hallara a babban fale na gidan, wato rumfar taro mai ginshiƙai marar bango. An ɗaure talabijin a jikin ginshiƙi, tsofaffi sun jingina da sauran ginshiƙan, mata suna fifita. Tauasa yana zaune a tabarma da zani da rigar furanni da goggonsa ta ɗinka, wayarsa a kan cinya. Ana cikin zagaye na uku wayar ta yi ƙara. Ya ɗauka. Wata murya mai kauri ta ce shi babban manajan wata ƙungiya ce, kuma su za su ɗauke shi yanzun nan. Tauasa ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe, na gode," hawaye na zuba. Mata suka rangaɗa guɗa, Penitito ya ruga ya danne hon ɗin bas, Fasto ya miƙe zai yi addu'a.

Sai talabijin ta kira sunan wani yaro daga Ohio.

Tauasa bai ajiye wayar ba tukuna, don haka na kusa da shi sun ji dariyar samari tana fitowa daga ciki. Wani ya ce, "Sai ka ƙara jira, ɗan tsibiri," aka kashe.

Daga baya wakilinsa ya kira ya ce ba shi kaɗai aka yi wa ba. Wasu 'yan iska ne suka samu jerin lambobin yaran, suna bi ɗaya bayan ɗaya, kuma zancen ya cika gidajen talabijin, ana ta cacar baki a kan ta ina lambobin suka fita. Tauasa ya yi murmushi ya ce wa jama'a ba komai, ya bi tsofaffi yana ba su haƙuri kamar shi ya yi laifin. Wannan ne ya fi ci wa Sinalei rai. Ta kwashe kwanuka ta wanke su har wanda ba a ci da shi ba.

Asabar ita ce ranar ƙarshe, kuma da asuba ake farawa. Mutane suka dawo, amma shiru-shiru, kowa da kofin shayi da fanke. Penitito ya ce ko an zaɓa ko ba a zaɓa ba, sai an ci abinci, ya tara maza a bayan gida suka hura wuta a kan duwatsun umu, wato murhun gashi da ake rufewa da ganye. Zagaye na huɗu ya wuce. Na biyar ya wuce. Hantsi ya yi, zafi ya sauko, wasu tsofaffi suka fara gyangyaɗi. Da aka shiga na shida, Tauasa ya miƙe ya zo inda take zaune.

"Goggo, riƙe min wayar nan. Zaman ya ishe ni, bari in taya su Kawu kankare kwakwa."

"In ta yi ƙara fa?"

"Ba za ta yi ba," in ji shi, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya fita.

Ko minti goma ba a yi ba ta yi ƙara. Lamba ce marar suna. Sinalei ta dubi wayar, ta dubi matan da ke gefenta, ta gyara zama, ta ɗauka.

Muryar namiji ce, mai kauri, cikin fara'a. Ya ce sunansa Halvorsen, babban manajan ƙungiya kaza, yana neman Tauasa.

"Af, kun dawo?" in ji ta.

"Na'am? Ina so in yi magana da..."

"Kai, tsaya nan. Jiya ba ta ishe ku ba? Ɗan wane ne kai? Wa ya haife ka?"

Mutumin ya ce, "Baiwar Allah, ina ga ba ki gane ba. Minti uku gare ni, kuma ina so..."

"Ni ina da yini guda. Yaro maraya ya bar gida shekara huɗu, yana tashi cikin sanyi ana tumurmusa shi, ku kuma kuna zaune kan kujera kuna ƙara wa murya kauri don ku sa shi kuka a gaban dattawa? Uwarka ta san aikin da kake yi?"

"Mahaifiyata shekararta tamanin da ɗaya."

"To ka ga abin kunya ya ƙaru! Ba ni ita."

A can ɗaya ɓangaren ta ji dariya ta ɓarke, ta mutane da yawa. Wannan ya tabbatar mata da zarginta. Ta ce, "Ku yi ta dariya, Ubangiji yana kallon ku," ta kashe, ta kife wayar a kan tabarma. Matan suka tafa mata. Wata tsohuwa ta ce, "Haka ake yi, Sinalei. Da jiya ke kika ɗauka da ba a kai ga haka ba."

Wayar ta sake ƙara. Lambar ɗazu ce. Ta miƙa hannu za ta ƙara masa, sai ga Penitito ya faɗo cikin fale a guje, zaninsa na neman kwancewa, tasa wayar a kunne, toka har gira.

"Kada ki kashe! Sinalei, don girman Allah kada ki kashe! Wakilin Tauasa ne a nan yana ihu, wai na gaske ne! Wai wata mata ta zage manajan tas ta kashe masa waya!"

Sinalei ta zabura. Ta riƙe wayar da hannu biyu kamar kwanon miya mai zafi, tana kiran, "Tauasa! Tauasa!" da wata siririyar murya da ba ta san tana da ita ba. Ya shigo da gudu, hannayensa fari fat da kwakwa har gwiwar hannu, ya rasa inda zai goge. Ita ta danna, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji, ta kai masa kusa da baki.

"Tauasa ne?" in ji Halvorsen. "Kafin komai, wace ce waccan?"

Tauasa ya dubi goggonsa. Ta sunkuyar da kai.

"Goggona ce, ranka ya daɗe. Ita ta raine ni."

"Na ga alama. Shekara ashirin ina wannan aiki, ba a taɓa tare ni haka ba. In ka iya tare mutane rabin yadda take yi, mun gama sa'a. Muna ɗaukar ka yanzu, lamba ta ɗari biyu da huɗu. Kana so ka zo mana?"

Sai da Penitito ya daka wa Tauasa duka a baya sannan yaron ya ce, "Ina so, ranka ya daɗe. Ina so."

Duk da haka ba wanda ya yi guɗa. Jiya ta koya musu. Kowa ya zuba wa talabijin ido, har masu gyangyaɗi sun wartsake. Talla ta zo, ta mota, ta ƙi ƙarewa. Sinalei ta kama gefen rigar yaron ta damƙe. Sannan wata mata ta fito kan dandamali da kati a hannu, ta duba, ta ɗan yi jim, ta lallaɓa sunan a hankali, ta karya shi gida uku, amma dai nasa ne. Ga hotonsa ya cika talabijin, da gashinsa buzu-buzu, a ƙasa an rubuta Fagasa.

Ihun da aka yi, masunta da ke cikin kwalekwale a bakin gaɓa sun ce sun ji. Penitito ya koma kan hon ɗinsa, wannan karon bai ɗaga hannu ba sai da karnukan ƙauyen suka haukace. Wani ya ruga coci ya kama igiyar ƙararrawa. Tauasa ya sunkuci goggonsa sama kamar jaririya, ya shafe mata rigar kwalliya da kwakwa, tana dukan kafaɗarsa tana cewa, "Sauke ni, ƙaton banza, mutane na kallo!" tana kuka tana dariya. Fasto ya yi ta ɗaga hannu a yi shiru a yi addu'a, da ya ga ba mai sauraro, sai ya tattare zaninsa ya shiga rawar shi ma.

Da ƙura ta lafa, aka ga ashe wayar ba a kashe take ba. Mutanen can suna ji, suna tafi. Kocin ƙungiyar ya karɓa ya yi wa Tauasa barka, ya ce ya nemi rigar sanyi mai kauri, don garinsu ƙanƙara takan rufe mota. Sannan Halvorsen ya ce a ba shi Goggo.

Ta karɓa, ta share murya. "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Na ɗauka yaran jiya ne."

"Na sani. Mun ji abin da aka yi masa, bai yi mana daɗi ba. Ba ki yi laifi ba."

"To, amma ku ma ku gyara. Mutum ya kira gidan mutane, ai sai ya fara gaisuwa, ya tambayi lafiyar manya, ba ya faɗo da zance kamar an koro shi ba."

Penitito ya dafe kai. Tauasa ya ce, "Goggo!" A can kuwa dariya ta sake tashi.

"Gaskiyarki," in ji Halvorsen. "Ina kwana, Goggo? Yaya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Yanzu ka yi magana. Ka gaishe min da tsohuwa."

Aka buɗe umu da azahar, tururi ya tashi da ƙamshin ganyen ayaba. Ga gwaza, ga kifi, ga kaji, ga alade guda, ga ganyen gwaza da aka naɗe da madarar kwakwa. Mutanen Pago Pago da na ƙauyukan gaba suka yi ta tsallako dutse a bayan motoci, waɗanda suka yi wasa da shi a sakandare, da waɗanda suka ce sun yi. Tsohon kocinsa ya zo da kwalkwalin farko da Tauasa ya sa, wanda yara uku suka gada kafin shi, aka yi ta zagayawa da shi ana mamakin yadda kan nan ya taɓa shiga ciki. Duk wanda ya iso sai ya ce a maimaita masa abin da Sinalei ta faɗa, kuma kafin la'asar labarin ya yi ƙiba, har ana cewa ta sa manajan ya durƙusa.

Rawar ƙarshe, wadda ake ba mai daraja, dattawa suka ce ita za ta yi. Ta ce gwiwarta na ciwo. Ba a saurare ta ba. Ta fito tsakiya a hankali, tana juya tafin hannu, fuskarta a ɗaure don kada ta yi dariya, Tauasa da Penitito suna tsalle a gefenta suna dukan ƙirji suna kururuwa. Tauasa ya kwanta a ƙasa a gabanta, ta ɗora ƙafa ɗaya a bayansa, jama'a suka kaure da sowa.

Bayan kwana goma ya tafi. Ya sha wuya a sansanin horo, sau biyu yana kira yana cewa bai san ko za su riƙe shi ba, amma da aka fitar da sunayen ƙarshe a watan Agusta yana ciki. A watan Nuwamba ƙungiyar ta aiko wa Sinalei da Penitito tikitin jirgi. Ta je da riguna uku a jiki da bargo a kafaɗa, ta zauna cikin mutum dubu sittin, ba ta kalli ƙwallon ba ko sau ɗaya, yaronta kawai take bi da ido. Ya shiga wasa sau goma sha ɗaya a ranar, kuma ba wanda ya wuce ta gefensa. Penitito kuwa mura ta kama shi tun a filin jirgi, ya dawo Fagasa yana ba da labarin ƙanƙara wata guda cur, duk fasinjan da ya hau bas ɗinsa sai ya ji.