Tsokar da Magaji Ya Binne

Magaji na Adabka ya yi wa matarsa ƙarya a kan ciwonta, kuma yana sane ya yi. Masu cewa jahilci ne ya ja shi su daina. Manomi ne, ya san abin da jinkirin mako biyu yake yi wa gona.

A farkon daminar 2008 Tasalla ta ji wani ƙullutu mai tauri a nononta na hagu, ba ya ciwo. Magaji ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Gummi, garin iyayenta. Likita ya duba, ya kashe wurin da allura, ya yanko 'yar tsoka kamar ƙwayar gyaɗa, ya jefa a kwalba mai ruwan magani.

Ya ce wa Magaji, "Ka kai wannan Sakkwato da takardar nan, cikin makon nan. Can za su gane ko ciwon daji ne."

Daji. Tun daga Gummi har gida kwalbar na aljihun Magaji, yana jin ta a ƙirjinsa kamar garwashi. Ya taɓa ganin mace da aka yanke wa nono a garinsu, ya ga yadda ta ƙare. Kuma kowa a Adabka yana cewa in wuƙa ta taɓa daji sai ya fusata. In Sakkwato suka ce shi ne, wuƙar ce za ta biyo baya.

Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya nuna mata. Tsohuwa ta ɗaga kwalbar wajen haske, ta ga abin yana lilo, ta yi salati.

"Naman mutum na! Naman ɗiyar mutane za ka yawo da shi cikin mota? Wa ka sani can? Ko akaihwa munka yanke bisne ta mukai, balle tsoka."

"Inna, likita ya ce..."

"Likitan ga shi ya halicce ta?"

Magaji bai yi musu ba, domin abin da yake son ji ke nan. Da hantsi, Tasalla na rijiya, ya zubar da ruwan maganin, ya naɗe tsokar a farin ƙyalle, ya haƙa rami bayan rumbu ya binne ta da bismillah. Ai binne abin da ya fita daga jikin mutum al'ada ce mai kyau, da Magaji ya tsaya nan. Sai ya hau babur ya tafi Bukkuyum, ya kwana biyu wajen wani abokinsa, ya dawo da tsarabar lemo.

"Malam, mi sunka ce?" in ji Tasalla.

"Kitse na. Sun ce ba komai."

Tasalla ta fashe da kuka don murna. Ranar ta yi waina ta raba sadaka.

Daga nan Magaji bai sake cin tuwo da daɗi ba. Yana noma yana addu'ar ƙaryarsa ta zama gaskiya. Kafin a yanke gero ƙullutun ya kai ƙwan zabo. Fatar wurin ta tattare. Kaluluwa ta fito a hammata. Wata safiya yana gyaran garma ya ji sautin dakanta ya sauya, ya leƙa, ya ga da hannu ɗaya take ɗaga taɓarya. Sau uku ya buɗe baki zai faɗa mata, sau uku ya tambaye ta ruwan sha.

Da Babbar Salla Halliru ya zo. Ƙanen Tasalla ne, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a wani babban asibiti a Sakkwato, ya shekara a Zariya yana kwas. Tun daga zaure ya fara tsokana, kamar yadda ya saba.

"Ina angon yayata? Har yanzu wanga tsohon babur? Ka bar shi ya huta, ya girme ni!"

Da ya shiga ya ga Tasalla sai dariyar ta tsaya. Ta rame, tana riƙe da hannun hagu nesa da jiki. Ta ba shi labari tana murmushi, ta ce kitse ne kawai yake ba ta wahala, ai wurin aikinsa aka kai tsokar aka duba.

Magaji ya yi sauri ya sa baki. "Ni dai ban ga abin da za a gani cikin 'yar tsoka kamar gyaɗa ba."

Halliru ya zauna a kan turmi. "Gari guda ke cikinta. Jikin mutum ƙwayoyi na ƙanana, ido bai ganinsu sai da madubin asibiti. Kun san tashar Gummi ranar kasuwa, inda aka ɗunke buhunan shinkafa, a rubuta suna, a ce wanga Anka za shi, wanga Gusau? Kowace ƙwaya tana da irin wurin nan a cikinta. Golji muka ce mai, sunan Baturen da ya fara ganinai. Duk abin da ƙwaya ta ƙera, nan aka ɗaure shi a aika. Masu ɗaurin su ma wasu sinadarai na, furotin. Malaminmu a Zariya kansu yake bincike."

"To mi ya haɗa su da ciwo?" in ji Tasalla.

"In ƙwaya ta zama ta daji, Yaya, wasu daga cikin masu ɗaurin ga sai su yi yawa, aiki ya karkace. Kaya na fita ba tsayawa, har da abin da ke narka shingen da ke tsakaninta da maƙwabta. Shinge ya faɗi, sai ta tashi. Ta fara sauka hammata, ta wuce hanta ko ƙashi. Tun tana wuri guda ake cire ta a huta. Shi ya sa muke gudu da kwalba."

Magaji ya ƙirga a zuci. Wata shida. Yana gona yana addu'a, su kuma suna ɗaure kaya suna aikawa, ba Juma'a ba Salla.

Halliru ya juyo. "Kitse bai fid da kaluluwa. Ba ni takardar sakamakon."

"Ta... ta ɓace."

"Ba komai. Kowace kwalba muna ba ta lamba a littafi. Wace rana ka kai? Wa ya karɓa? Dogo ko mai gilashi?"

Magaji ya dubi ƙasa. Idonsa ya tafi wajen rumbu, ya dawo. Tasalla na kallonsa. Shekara goma sha tara suna tare, ta san fuskarsa.

"Malam," ta ce a hankali, "ka je Sakkwato?"

Ya faɗi komai, har farin ƙyallen. Ya ce tsoro ya ji kada a yanke ta. Ya ce Inna ce ta ce. Tasalla ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauki mayafinta da hannun dama, ta ce wa ƙanenta, "Mu tafi."

A Sakkwato aka sake yankar tsoka, Halliru da kansa ya kai ta ɗakin gwaji. Daji ne. Hoto ya nuna ya riga ya shiga hanta. Likitoci suka ce da a farkon damina ne, da akwai abin yi.

Tasalla ta koma gidan mahaifinta a Gummi, ta aika wakili gaban alƙali ta nemi rabuwa, ta ce ba za ta mutu da igiyar Magaji a kanta ba. Magaji ya amsa laifinsa, alƙali ya raba auren. Sau biyu ya je Gummi, ba a bar shi ya wuce zaure ba. Ta rasu kafin ruwan farko. Ba a aika masa ba. A bakin wani direba ya ji, bayan an yi addu'ar bakwai.