Ruwan da Ya Kai wa Labaran Wuya

A Waca babu mai gardama da Labaran mai banda a kan zancen ruwa. Shekara bakwai ya ce ya yi a wani tsibiri cikin Tafkin Cadi, inda mutum ke kwana uku a kwalekwale bai ga tudu ba. Mutanen da babban ruwansu shi ne kududdufin bayan gari me za su ce? Suka laƙa masa Na-Ruwa. Ran kasuwar Guci sai a wuce masu kifi huɗu a zo gabansa, don an ce shi da ido yake gane zurfin da aka kamo kifi. Da wannan suna gidansa ke ci.

'Yarsa Kellu, mai shekara goma sha ɗaya, ta haddace labaran nan fiye da karatun lakwal, wato makarantar boko.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, uwarta Huraira ta kafe sai an kai ta ta ga wanta Maina, wanda ke zaune a wannan tsibirin. Labaran ya ce hanya ba kyau. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Huraira dai ta ɗaure kayanta ta ajiye a bakin ƙofa, tana tsallake su kullum, har ya gaji. Da aka ba da bakansi, hutun lakwal, suka hau kamyo, babbar motar kaya, kwana huɗu sai ga su a Gigimi.

Daga nan Kellu ta fara baza ido.

"Baba, ina ruwan?"

"Gaba kaɗan."

Suka yini bisa jakuna cikin busasshiyar laka. Ta ga kwalekwale a kife, ta ga wani an zuba wa awaki dusa a ciki. Da la'asar suka tarar da Maina yana jiransu a bakin wata 'yar ƙorama. Hayin can tudu ne mai bukkoki da gonar wake.

"Tsibirin ke nan," in ji Maina. "Tafki ya yi ƙaura, wannan ya bar mana."

Huraira ta tattare zane ta ƙetare. Kellu ta bi ta, ruwan iyakarsa gwiwarta. Da ta waiwaya sai ta ga Na-Ruwa a tsaye, yana ta gyaran hula.

"Taho mana, suruki," in ji Maina. "Ko har yanzu?"

Labaran ya sa ƙafa. Taku uku laka ta kwashe shi, ya zauna daɓas, ruwa har wuya. Ya runtse ido ya kama kalmar shahada, har da wasiyyar wanda za a bai wa keken ɗinkinsa. Maina ya ciccibe shi kamar buhun gero ya dire a tudu.

"Kawu, ba a nan Baba ya yi shekara bakwai ba?"

"A Gigimi dai, 'yata, yana ɗinka mana buhunan banda. Sau ɗaya muka sa shi a kwalekwale, tun yana ɗaure a gaɓa ya yi amai."

Huraira ta ci gaba da matse bakin zanenta. Da gani ta daɗe da sani.

A hanyar komawa Labaran bai roƙi Kellu komai ba, sai dai duk inda aka tsaya ya sayo mata dabino.

Da aka koma lakwal, malaminsu Mushe Alkasim, wanda bai taɓa wuce Damagaram ba, ya zana ƙwai a allo ya kewaye shi da alli shuɗi. Ya ce yau wadda ta gani da idonta za ta yi bayani. Labari ya riga ya zaga gari, tagogi sun cika da kawunan manya. Kellu ta hango hular ubanta can baya.

"Mene ne tsibiri?"

"Ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina, Mushe." Haka littafi ya ce.

Wakili mai tireda, wanda ya daɗe yana shakkar Labaran, ya leƙo ta taga.

"Ke 'yar nan, bar zancen takarda. Mun ji an ce tafkin ya ƙafe. Ubanki ya shiga ruwan kuwa?"

Kellu ta dubi allo, ta dubi hular.

"Ya shiga, Baba Wakili. A gabana."

"Ina ya kai masa?"

"Har wuya."

"Bai ji tsoro ba?"

"Sunan Allah kawai na ji yana kira."

Tagogi suka ɗauki kabbara. Hular ta matso gaba, mai ita yana cewa ai wannan a bakin gaɓa ne ma.

Ran kasuwar Guci banda ta ƙare tun kafin azahar, sai ɗaya babba da ya ɓoye ya kawo gida. Huraira ta gutsure kan kifin za ta sa masa a kwano kamar kullum, ya ce a bai wa Kellu.

"To," in ji Huraira, tana miƙa mata. "Ci a hankali, akwai ƙaya. Mu ma da haka muka fara rufa masa asiri."