Inda Aka Kafa Poto

Ranar da za a jawo wa sabon kantin Kawu Alassan kuran, wato wutar lantarki, ni na kai wa ma'aikata ruwan sha. Na tarar suna haƙa ramin poto, turken wayar wuta, daidai inda tsohuwar rijiyar unguwarmu take. Da shara da ɓuntun shinkafa aka cike ta tun ina ƙarama, kafin Kawu ya zo daga Yamai ya sayi filin.

Na daɗe tsaye har babbansu ya dube ni.

"Ƙanwata, akwai magana?"

"Ƙasar nan," na fara cewa, sai ya katse ni.

Ya yi dariya. "Taushi gare ta, ta hutar da mu!"

Kawu ya ce, "Basira, je ki goge firigon ƙanƙara."

Na tafi.

Ran Alhamis wuta ta zo, Kawu ya ba ni makullin kantin ya koma Yamai. Ran Asabar aka yi ruwan farko. Da safe na ga ƙasa ta lotsa, poton ya karkata, wayar ta sauko saura kaɗan ta taɓa rufin kwanon da nake sayar da ƙanƙara a ƙarƙashinsa. Na tsaya riƙe da makullin ban buɗe ba, ga wani hadari yana tasowa daga gabas.