Turarukan Gwaggo Mai Tafireta

"Shinshina wannan kuma," in ji Gwaggo, ta turo mini hannun hagu.

Ɗinkin mutane na bari a kan keke na shigo, don ta ishe ni da dukan bango. Tsohuwar mai buga tafireta ce, ɗakinta na jikin nawa. Tun da ciwon huhu ya kwantar da ita ta daina jin ƙamshi, sai ta mayar da hancina ɗan aikenta.

Tsofaffin kwalaben turare biyu ne, ruwansu ya koma kalar shayi. Doguwar tata ce. Gajerar ta ƙanwarta ce, tare suka saya suna 'yan mata. Gardamar wanne ya fi ce ta yi ta girma, ta kwaso tsofaffin maganganu, har suka daina gaisawa. A nan ƙanwar ta bar kwalbarta ranar da ta fita cikin fushi.

"Gwaggo, wallahi duk warin tsohuwar durowa suke yi."

"Hancin tela ke nan. Ban da man keke me kika sani?"

Ranar da na ɗinka wa wata hannun riga a baibai saboda ciwon kai, na ɗauki wayar Gwaggo na kira ƙanwar. Na ce, "Hajiya, ki zo ki karɓi rigimarki, ni na gaji."

Ta zo da sandarta. Ta daɗe a bakin ƙofa tana kallon yadda Gwaggo ta rame, sannan ta ce, "Yaya, har yanzu kina ajiye da wannan ruwan lemon?"

"Ya fi naki mai hawa kai kamar maganin sauro."

"Nawa yana kwana a mayafi. Naki kafin a kai titi ya gudu."

"Mace mai aji ba ta shiga ɗaki da ihu."

Ƙanwar ba ta koma gida ba. Tana ba ta magani suna musu, tana goge mata jiki suna musu. Kowacce ta ɗiga nata a matashi, su ce in yanke hukunci. Har ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duba Gwaggo sai da ta yi musu faɗa.

Wata safiya ƙanwar tana cikin cewa, "Ko mijinki ma nawa ya fi so," sai ta dakata tana jiran amsa. Amsar ba ta zo ba.

Da aka fita da gawar Gwaggo, na nufi taga don in buɗe ɗakin ya sha iska. Ƙanwar ta riƙe mini zane.

"Bar shi tukuna, 'yata."

Ta zauna a gefen katifar, sandar a kan cinyarta, labule a sake.