Jakar Gwaji

…kuma ba ka ɗauka ba. Na sake kira, Yaya, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta tsinke. Kai da ka ce in kira ka ko ina banɗaki ne — "musamman ma in kana banɗaki," haka ka ce, kana dariya — yau ina ka shiga?

Jakar tana nan. Tun safe na manna ta inda Sista ta asibiti ta yi mini alama da biro, gefen hagu, ƙasan cibiya kaɗan. Na zuba ruwan ɗumi kamar yadda ka koya mini. Jakar gwaji kuke ce mata. Duk sabon da za a yi wa aiki sai ya yini da ita tukuna, ya je wurin sana'arsa da ita, ya yi salla da ita, ya ɗanɗana yadda zaman zai kasance kafin likita ya fito masa da bakin hanji ta fatar ciki. Ruwa ne kawai a ciki yanzu… ruwa. Amma ka san inda cikina yake tsayawa in ina aiki? Ina za ka sani, kai direba ne, naka cikin sitiyari yake kallo. Ni mai aski ne, Yaya. Cikina daidai kunnen mutum yake.

Ga shi nan ma a kujera, wani mai ƙaton wuya, ya rufe ido yana jin daɗin inji. Na sunkuya in gyara masa bayan kunne — ɓul. Ta motsa. Ya ji? Ya buɗe ido ɗaya.

"Maigida, ba ka karya ba ne? Cikinka na kiran sunana."

Shago ya ɗauki dariya. Oga mai shagon har da buga cinya. Ni ma na yi, me zan yi? Haƙora a waje, na kusa cinye masa gefen gemu. Wannan fa ruwa ne. Ranar da ba ruwa ba ne fa? Ranar da ta yi wari? Wa zai sake miƙa mini kansa?

Basir. Kowa basir ya ce. Mai kemis basir, Oga basir, Mama ta jiƙa mini wannan ta dafa mini wancan, ɗakina ya koma kamar rumfar mai magani. Jini na zuba, wando na yi mini yawa, ana ce mini ka rage zama, ka rage yaji. Ni da nake yini a tsaye! Sai da aka zura kyamara, likita ya juyo da allon yana nuna mini wani abu da kan biro, kamar ni na san yadda cikin mutum ya kamata ya kasance. Kansar hanji. "A shekarunka ba mu cika zato ba." To ku ba ku zata ba, ni na zata? Ko talatin ban kai ba. Ko aure ban yi ba. Ko kujerar kaina ban saya ba…

Gobe da safe likita yake jiran amsata, e ko a'a. A yanke wurin, a sa jaka, wataƙila ta ɗan lokaci, wataƙila ta zauna ke nan, sai sun buɗe sun gani. In na ce a'a kuma, ya ɗaga kafaɗa, bai ƙarasa ba. Ba sai ya ƙarasa ba.

Mama ta san akwai aiki. Ba ta san da jaka ba. Ta yaya zan fara? Mama, ɗanki zai riƙa yin bayan gida ta ciki? Matar da ko kalmar ba ta faɗa, sai dai ta ce "ya zagaya". Jiya ta tsare ni da ido ina cin abinci, ta ce na yi shiru da yawa. Na ce gajiya ce. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ƙara mini miya. Ina zaune a gabanta, gwiwata na taɓa tata, amma kamar daga wani gari nake hango ta.

Kai kaɗai na faɗa wa komai. Kai kaɗai…

Na ce wa Oga zan je karɓo magani. Ya ɗaga hannu bai ko juyo ba. Titi, rana, hayaƙin motoci. Ina tafe hannuna na kan riga kamar mai ɓoye abin sata. Kowa na sauri, kowa da hanjinsa lafiya lau a cikinsa, bai ma san yana da shi ba. Ni ma da ban sani ba.

Ranar farko ma haka na shigo asibitin nan, ina jin haushin kowa. Sista ce ta tura ni, ta ce akwai zaman matasa masu irin ciwona a ɗakin da ke bayan wurin ɗaukar jini. Na ce me zan yi da taron marasa lafiya, nawa ciwon bai ishe ni ba? Na leƙa don kada ta ce ban je ba. Kujerun roba a zagaye, fanka na juyi da ƙyar, kuma dariya ake yi. Dariya! Wani da suke kira Lauya yana ba da labarin yadda tasa jakar ta yi masa yoyo a cikin lif, wata da suke kira Amarya ta ce ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, aka kwashe. Na tsaya a bakin ƙofa ina cewa waɗannan sun haukace.

Sai kai. Ka taso, dogo, kafaɗa kamar ƙofar gareji. Ka tambayi sana'ata, na faɗa, ka ce, "Ah to, shi ya sa kake tsoron wuƙar likita. Wanzami ba ya son jarfa." Tun daga nan na zama Wanzam. Ka ja ni gefe, ka ɗaga riga, ba kunya ba komai.

"Ga ta. Ba ta cizo. Shekara uku ina tuƙa babbar mota da ita, na yi aure da ita, har na samu 'ya. Taɓa mana."

Ban taɓa ba. Amma na kalla, na kalli cikinka, na kalli fuskarka, na ga mutum cikakke yana tsaye da ƙafafunsa. Gani ya kori ji. Duk takardun da likita ya ba ni ba su yi mini abin da ɗaga rigar nan ta yi ba. Sista ta ce kowane sabo ana haɗa shi da wanda ya riga shi, ya zama yayansa har ya tsallake. Ka ce, "Wannan nawa ne." Ni da nake ɗan fari a gidanmu, ban taɓa sanin daɗin a ce da mutum ƙane ba sai ranar.

Alwala fa, Yaya? Ka ce ka tambaya, lalura ce, ka yi abinka ka yi salla. Wari fa? Ka ce akwai dabara. Mata fa…? Ka yi dariya har ka sarƙe, ka ce wadda za ta gudu saboda jaka, da ma da takalminta a hannu ta zo. Kwanan nan ba ka zuwa zaman, sai dai waya. Kana hanya, ka ce, kaya sun yi yawa. Muryarka ta ɗan dushe, ka ce sanyin mota ne. "Ka yi aikin nan, Wanzam. Ka dube ni."

Na dube ka. Kai nake dubawa. E ɗin da zan faɗa gobe a kanka na jingina ta, ba a kan likita ba.

Ga ɗakin. Kujeru, fanka… ba ka nan. Me ya sa kowa ya tashi yana gaishe ni haka? Lauya har da ba ni kujerarsa. Na ce ina Yaya Direba? Lauya ya ce ka yi tafiya mai nisa, can babu sabis. Amarya, a lokaci guda, ta ce ai wayarka aka sace. Suka kalli juna. Wani daga baya ya ce 'yarka ce ba lafiya. Uku! Ko ƙaryar ma ba su zauna sun daidaita ba. Amarya ta sunkuyar da kai tana murza zobe, zoben da ya yi mata yawa.

Na san wannan kallon. A madubi nake ganinsa in na ɓata wa mutum aski, abokansa na ce masa ya yi kyau.

Sista na fita, na bi ta baranda. Ban ɗaga murya ba, ina jin ban ɗaga ba. Na ce ta dubi girman Allah. Ta gyara abin wuyanta.

"Ƙa'idar zaman ce, Wanzam. Ba ma kai wa sabo labarin da zai karya masa gwiwa kafin aikinsa. Sai ya tsallake."

"Wa ya kafa ta?"

"Shi."

Kai. Kai ka kafa… Ciwon ya dawo, ta ce, a hanta wannan karon. Kana sama, hawa na biyu, ɗakin ƙarshe. Ta ce jikin kowa daban, nawa an gano shi da wuri, kada in haɗa. Tana magana, bakinta na motsi, ni matakala nake kallo.

Hawa… jakar na bugun cinyata, ta huce tuntuni, sanyi kamar hannun wani. Haushi nake ji, Yaya, wallahi haushi. Kun zauna kun yanke abin da zan iya ɗauka da wanda ba zan iya ba, kamar yaro. A gida ni nake ɓoye wa Mama, a shago ni nake ɓoye wa Oga, wuri ɗaya tak na samu inda ake ɗaga riga a nuna gaskiya, ashe nan ma akwai wata rigar a ƙasa. To wa ya rage mini? Wa zan tambaya yanzu?

Kuma in da sun faɗa mini fa? Da na manna jakar nan yau? Da na zo? Ban sani ba… ban sani ba.

Wata mata a benci, filas a gefenta, yarinya na barci a cinyarta. Na san ta, matarka ce, ka nuna mini hotonta a waya. Ta ɗago, ta dubi hannuna da ke dafe da riga, ta gane.

"Kai ne Wanzam."

Na gaishe ta. Ya mai jiki? Da sauƙi. Haka ake cewa, da sauƙi. Ƙofar na da ɗan gilashi, na leƙa. Wancan ne kai? Ina kafaɗun? Gashi ya taru maka a ƙeya, gemu ya fita layi, wa ya bar ka haka… Bargo ya rufe cikin. Hannunka a waje, allura a ciki, siriri kamar na Amarya.

"Daga nan yake kiranka," ta ce, a hankali don kada yarinyar ta farka. "Sai ya ce in tayar da shi zaune, in ba shi ruwa ya wanke murya, in fita. In ya gama sai ya yini bai iya magana ba. Ɗazu da ka kira ya so ya ɗauka, hannun ne ya ƙi."

Na zauna. A bencin, kusa da ita.

Ka dube ni, ka ce. Daga wannan gadon ka faɗa. Ƙarya ka yi mini ke nan? Amma shekara ukun fa, ƙarya ce? Motar, auren, wannan 'yar da ke barci da yatsa a baki — ba bayan aikin aka same ta ba? Da ka ce a'a a lokacinka, da tana ina? To shekara uku ake saya da jaka, ko rai? Naka ne ya zo haka, ko nawa ma…? Wa zai faɗa mini, tunda kai ma ba ka sani ba? Ashe ba ka taɓa sani ba. Ka dai tsaya a gabana ne don in samu abin kallo.

Kuma ni, da na hawo da gudu, kai na zo dubawa? Ko zuwa na yi in ga yadda zan ƙare? Kunya ta kama ni, Yaya. Ko addu'a ban yi maka ba tukuna, lissafin kaina nake.

Na gaji. Tun safe ban zauna ba sai yanzu. Gobe likita zai ɗago kai daga takarda ya ce to, me ka yanke, kuma babu kowa a bayana. Ni kaɗai, da bakina.

Matarka ta miƙe, ta kwantar da yarinyar a benci kusa da ni, ta shiga. Kan yarinyar ya gangaro ya taɓa gefen cikina, daidai wurin, ba ta ko motsa ba. Ina jin muryoyi ƙasa-ƙasa. Ƙofa ta buɗe.

"Ya farka. Ya ji kamar muryarka. Bai san an faɗa maka ba… In ce masa kai ne?"

In na shiga, ka san na gani, na ƙwace maka abu ɗaya da ya rage kana yi. In na juya, ka ci gaba da wanke murya saboda ni. Tana riƙe da ƙofar, tana jira, ni kuma yarinyar nan ta danne mini riga, kuma ban… Yaya, ban san wanne ne taimakon ba.